Kwana uku a Landan: ina za a je, me za a bari?

Alhaji, saƙonka ya iso. Ka ce kai da Hajiya za ku zo Landan a watan Yuli bikin kammala karatun 'yarku, kuma bayan an watse kuna da kwana uku kafin jirgin komawa. Kana so ka san wuraren da bai kamata baƙo ya bar garin nan bai gani ba. Allah ya sanya wa karatun albarka, ya kawo ku lafiya.

Na daɗe ina koyar da tarihi a garin nan, kuma kusan kowace shekara sai na zaga da baƙi daga gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga mutum ya sha wahalar biza, ya biya kuɗin jirgi mai tsada, sannan kwanakinsa su ƙare tsakanin kantunan Oxford Street da ɗaukar hoto a bakin ƙofar fadar Buckingham. Wasu kuma sukan rubuto wurare goma sha biyar a takarda, su yi ta gudu daga wannan zuwa wancan, su koma gida da ciwon ƙafa, ba su riƙe komai a ka ba. Shawarata ita ce ku ɗauki wuri uku ku ba su haƙƙinsu: Hasumiyar Landan, gidan kayan tarihi na British Museum, da Greenwich. Sauran duk ana ganin su a kan hanya.

Ku fara da Hasumiyar, domin daga wannan gefen garin ya faro. Idan kun fito daga tashar Tower Hill, kafin ku tsallaka titi, ku duba za ku ga wani guntun bango na dutse mai ratsin jan bulo. Mutane na wuce shi ba ko waiwaye. Ragowar ganuwar da Rumawa suka kewaye garin da ita ce wajen shekara ta 200 miladiyya, lokacin sunansa Londinium. Duk wanda ya san badalar Kano zai gane abin da yake kallo nan take. Ita kuwa Hasumiyar, sunan yana ruɗar mutane. Ba dogon gini ɗaya ba ne, babbar ganuwa ce mai gidaje da yawa a ciki. Farin ginin da ke tsakiya William ne ya fara shi wajen 1078, bayan ya tsallako daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma ya gina shi ne don mutanen garin su riƙa ganin sa suna shiga taitayinsu. A tsawon zamani wurin ya zama fada, ya zama ma'ajiyar makamai, ya zama gidan buga kuɗi, har zakuna an taɓa ajiyewa a ciki. Amma an fi tuna shi da kurkuku. A nan aka fille kan Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas, a 1536.

Kuɗin shiga ya haura fam 30 ga babban mutum, ku saya ta intanet tun kafin ranar. Ku isa da an buɗe ƙofa, ku miƙe kai tsaye ɗakin kayan sarauta, don da rana ta ɗaga layin yakan yi tsawon da Hajiya ba za ta so tsayawa a ciki ba. A ciki an hana ɗaukar hoto, kuma a gaban manyan kambunan akwai shimfiɗa mai tafiya da kanta wadda za ta wuce da ku a hankali. Ana iya komawa a sake bi, ku koma. Ku sa ido a kan sandar girman sarki: farin lu'ulu'un da ke kanta ya kai karat 530, an yanko shi ne daga dutsen Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Sai lu'ulu'un Koh-i-Noor, wanda aka karɓe daga hannun wani yaro sarki a Punjab a 1849, kuma har gobe Indiya na neman a mayar mata da shi. Ina so ku shiga ɗakin nan da wannan sanin. Kayan suna da kyau ƙwarai, amma kowane dutse da ƙasar da aka ɗauko shi.

Bayan nan ku bi ayarin ɗaya daga cikin dogaran gidan, masu shuɗiyar riga mai duhu da jan ado. Tsofaffin sojoji ne, ba a ɗaukar mutum sai ya yi aƙalla shekara 22 a bakin aiki, kuma a cikin ganuwar suke zaune da iyalansu. Zagayen da suke yi da baƙi yana cikin kuɗin tikiti. Su za su nuna muku manyan hankakan da ake kiwo, waɗanda ba a bari su gaza shida, saboda camfin da ke cewa ranar da suka tashi mulkin zai rushe. Wurin da ni ya fi taɓa ni ƙaramin ɗaki ne a sama, a hasumiyar Beauchamp, inda fursunoni suka kankare bangon dutse suka rubuta sunayensu da addu'o'insu. Za ka ga wani ya zauna ya zana tambarin gidansu da ƙyar, layi bayan layi, yana jiran ranar da bai san ko ta saki ce ko ta gatari ba. Ku ba wurin nan gaba ɗaya awa uku.

Gadar nan mai hasumiya biyu da kowa ya sani a hoto tana nan dab da ganuwar. Sunanta Tower Bridge, an gama ta a 1894, kuma ba ita ce London Bridge ba, ko da yake ana yawan haɗa su. Takawa a kanta kyauta ne. Idan azahar ta yi, tasha ɗaya ce daga Tower Hill zuwa Aldgate East, daga nan ɗan taki ne zuwa Masallacin Gabashin Landan a titin Whitechapel, mai wurin mata wadatacce, kuma gidajen abincin halal sun kewaye shi.

Da yamma, daga gefen Hasumiyar ake shiga jirgin ruwa zuwa Greenwich, tafiyar da ba ta wuce rabin awa. Idan kun gaji ku ɗaga shi zuwa wata ranar, amma kada ku soke shi. Alhaji, duk wanda ya tashi da rediyo a kunne ya sha jin "ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza a Najeriya da Nijar". To harafin G ɗin nan Greenwich ne. A kan tudun garin akwai gidan binciken taurari da Sarki Charles na Biyu ya kafa a 1675, don a warware wata matsala da ta ci rayukan matuƙan jirgin ruwa: mutum yana tsakiyar teku, ta yaya zai san iyakar nisan da ya yi gabas ko yamma? Amsar ta zo ta hanyar agogo. Idan kana da agogon da ke riƙe da lokacin gida ba ya kuskure, ka kwatanta shi da tsakar ranar inda kake, bambancin awa ɗaya na nufin digiri 15. Wahalar ita ce ƙera agogon da girgizar teku da zafi da sanyi ba za su ɓata shi ba, kuma wani kafinta mai suna John Harrison ya kwashe shekaru da dama a kan wannan aiki. Agogunansa suna nan a gidan. A 1884 wakilan ƙasashe suka taru a Washington suka amince layin da ya ratsa gidan nan ya zama mafarin auna gabas da yamma na duniya. Layin ya gangara ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya ɗan taɓa Togo, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana.

Na taɓa kai wani dattijo wurin, tsohon malamin firamare. Ya hau tudun da ƙyar, yana tsayawa yana hutawa. Da muka isa bakin ƙofa ya ga babban agogon nan mai awa 24 da ke jikin bango, sai ya cire nasa daga hannu ya tsaya yana kwatantawa. Ya ga nasa ya wuce da awa ɗaya cif, ya yi murmushi ya ce ashe duk shekarun nan gaskiya suke faɗa. Ya sa ƙafa ɗaya gabas da layin, ɗaya yamma, bai ce a ɗauke shi hoto ba sai da na roƙe shi. Kai ma za ka ga wannan bambancin, don a watan Yuli Ingila kanta tana gaban GMT da awa ɗaya: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan daidai yake da na Kano da Yamai. Tudun yana da tsayi, ku hau a hankali, amma daga samansa za ku ga kogin ya yi lanƙwasa da garin gaba ɗaya a shimfiɗe.

Yanzu British Museum, wanda zan fi daɗewa a kansa don shi ne ya fi buƙatar shiri. An kafa shi a 1753, shiga kyauta ne, kuma kayan da ya mallaka sun kai kusan miliyan takwas, ko da yake kaɗan ne daga ciki aka baje. Wanda ya ce zai ga komai a yini ɗaya ba zai ga komai ba. Ku yi rajistar lokacin shiga ta intanet, ku zo da ƙaramar jaka saboda bincike a ƙofa, ku karɓi taswira, ku nufi ɗakuna ƙalilan.

Ku fara da ɗaki na 4, na Masar. Cincirindon da za ku gani a bakin ƙofa na dutsen Rosetta ne, baƙin allo mai rubutu iri uku. Sojojin Faransa suka tsinto shi a Masar a 1799, Turawan Ingila suka karɓe shi bayan sun ci su da yaƙi, kuma tun 1802 yake gidan nan. Saƙo ɗaya ne aka rubuta da rubutun Masar iri biyu da kuma Girkanci, shi ya sa ya zama mabuɗin da wani masani Bafaranshe, Champollion, ya bi a 1822 ya karanta rubutun Fir'aunoni bayan an yi ƙarnoni ba wanda ya iya. A ɗakin akwai ƙaton sassaƙen Ramsis na Biyu, daga ƙirji zuwa kai. Mutanenmu kan tambaye ni ina gawar Fir'auna. Gawar Ramsis tana Alƙahira. Waɗanda ke saman bene a nan gawarwakin wasu mutanen Masar ne da aka naɗe da likkafani dubban shekaru da suka wuce, kuma ganinsu yana sa mutum ya yi shiru.

Kusa da nan, ɗaki na 10, akwai allunan dutse daga Nainawa, birnin mutanen Annabi Yunusa, wanda kufansa ke gefen Mosul a Iraƙi. Farautar zaki ce ta Sarki Ashurbanipal aka sassaƙa fiye da shekara 2,600 da suka wuce. Ku tsaya a gaban zakanyar da kibiya ta karya wa baya, tana jan ƙafafun baya a ƙasa, kai a ɗage tana ruri. Ban san wani sassaƙe a garin nan da ya kai shi rai ba.

Daga nan ku sauka ƙasa, ɗaki na 25, ɓangaren Afirka. A bango ɗaya an jera allunan tagulla na Masarautar Benin. A 1897 sojojin Ingila suka ci birnin, suka kwashe kayan fada, suka kai Oba Ovonramwen gudun hijira Kalaba. Shekara shida bayan nan, a 1903, aka ci Kano da Sakkwato. Gidan nan kaɗai yana riƙe da kayan Benin sama da 900. Ku matsa kusa ku ga aikin: murjanin da ke wuyan sarki ƙwaya-ƙwaya, zanen da ke jikin garkuwa, har 'yan kasuwar Fotugal da dogon gashinsu da bindigoginsu an zuba su a tagulla. Akwai kuma kan tagulla na Ife mai tsagar fuska siriri. Duk lokacin da na tsaya a nan sai alfahari da takaici su haɗu mini, kuma ra'ayina a fili yake: kayan nan a gida ya kamata su kasance. Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar nata a 2022, gidan tarihi na Horniman da ke kudancin Landan ma ya miƙa mallakar guda 72 a shekarar. British Museum kuwa yana kafa hujja da dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da kayansa. Kafin a warware wannan, ɗan Najeriyar da ya zo Landan bai sauka ɗakin nan ba ya yi asara.

Sai ɗakunan duniyar Musulunci a sama, na 42 da 43, waɗanda aka buɗe a 2018, da kayan da suka taso daga Afirka ta Yamma har kudu maso gabashin Asiya: fitilun masallaci, na'urorin auna taurari, tangaran na Turkiyya. Kuma ka tambayi ma'aikata game da dinarin Offa. Sarki ne Kirista da ya yi mulki a tsakiyar Ingila daga 757 zuwa 796, ya sa aka buga kuɗin zinariya ana kwaikwayon dinarin Halifa Mansur na Abbasiyawa na shekarar 157 bayan hijira. Kalmar shahada na jiki da Larabci, sunan Offa kuma an dasa shi a tsakiya a kife, alamar maƙerin bai san ta inda ake karanta Larabcin ba. Ɗan ƙaramin abu ne, amma yana nuna irin darajar da kuɗin Musulmi ke da ita a kasuwar duniya a wancan zamani.

Idan da sauran ƙarfi, British Library na kusa da tashar King's Cross, tafiyar kamar minti ashirin. Ɗakin taskokinsa kyauta ne. Suna da Magna Carta ta 1215, takardar yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila, suna kuma da Alƙur'anin Sultan Baybars da aka rubuta da ruwan zinariya a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306, mujalladi bakwai. Ana sauya abin da ake bajewa lokaci zuwa lokaci, amma ba a rasa tsofaffin mus'hafai a ɗakin.

Ɓangaren Westminster kuwa yawo ne na ƙafa, rabin yini ya isa. Kuna fitowa daga tashar za ku ga hasumiyar agogo a kanku. Big Ben sunan ƙararrawar da ke ciki ne, mai nauyin sama da tan 13. Ginin kansa tun 2012 ake kiran sa Hasumiyar Elizabeth. Majalisar da ke manne da ita an sake gina ta bayan gobarar 1834. A tsallake akwai majami'ar Westminster Abbey, inda ake naɗa sarakunan Ingila tun 1066, na baya-bayan nan Sarki Charles na Uku ranar 6 ga Mayu, 2023. Shiga da kuɗi ne, kuma ran Lahadi ba a buɗe wa masu yawon buɗe ido. Ganin ta daga waje ma ya wadatar idan lokaci ya ƙure. Ku ratsa lambun St James's ku ɓullo fadar Buckingham. Sauyin masu gadi da ake ta zuzutawa ana yin sa wajen ƙarfe 11 na safe, ba kullum ba, kuma a watan Yuli cunkoson yakan sa mafi yawan mutane ba sa ganin komai sai wayoyin na gabansu. Wanda ya saba ganin hawan daushe ba lallai ne ya tsaya awa biyu a rana don wannan ba.

Abin da nake so ka gani a nan wani gida ne da ba kowa ke lura da shi ba. Idan ka ba fadar baya ka kama titin The Mall, a hannun hagu bayan itatuwa akwai Lancaster House. A nan aka yi tarurrukan tsarin mulkin Najeriya na 1957 da 1958, da Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Awolowo da Azikiwe a zaune, kuma a na 1958 aka tsayar da 1 ga Oktoba, 1960 a matsayin ranar 'yancin kai. Ba a cika buɗe shi ga jama'a ba, amma tsayuwar minti biyar a gabansa da 'yarku a gefe, kana ba ta labarin, ta fi hoto goma a ƙofar fada. Titin zai kai ku dandalin Trafalgar, kuma ofishin jakadancin Najeriya na nan kusa a Northumberland Avenue. Idan kuka ci gaba ta titin Strand za ku isa Bush House, inda Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, ya yi shekaru yana magana da duniya kafin a tashi daga ginin a 2012. Kuma ba yau Bahaushe ya fara taka titunan nan ba: Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram, ya iso Landan a 1855 tare da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, kuma labarin tafiyar da ya bayar da bakinsa yana cikin tsofaffin zubin Hausa da aka rubuta da boko.

Abubuwan da zan ce ku bari: gidan mutum-mutumin kakin zuma na Madame Tussauds, mai tsada da dogon layi, da lilon London Eye, sai dai idan 'yarku ta matsa. In don hangen gari daga sama ne, tudun Greenwich ya ba ku, akwai kuma Sky Garden, lambu a saman wani dogon bene, da ake hawa kyauta idan an yi rajista da wuri. Idan Hajiya na son aikin hannu, ku musanya awa biyu na kanti da gidan tarihi na Victoria and Albert (V&A) a South Kensington, shi ma kyauta, ta ga dardumar Ardabil da aka saƙa a Iran wajen 1540, wadda tsawonta ya haura mita goma. Ana kunna mata fitila na ɗan lokaci ne kawai duk rabin awa don kada haske ya cinye launinta, don haka ku zauna a benci ku jira.

Game da zirga-zirga, motocin bas na Landan ba sa karɓar tsabar kuɗi. Kowa ya riƙe katinsa, na banki mai taɓawa ko katin sufuri na Oyster, mutum biyu ba sa shiga da kati ɗaya, kuma akwai iyakar abin da za a cire a yini komai yawan hawan da aka yi. Tsofaffin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da yawa ba su da lif, don layin farko tun 1863 yake, saboda haka idan gwiwa na damun ɗayanku ku fi amfani da bas da jirgin ruwa da layin jirgin ƙasa na Elizabeth. A kan matakala mai tafiya a tsaya a dama. A riƙe waya da kyau a bakin titi, masu fizge a kan keke sun yi yawa. Ku zo da takalmi mai laushi da 'yar lema ko da sama ta yi garau.

Sallah za ta ba ku mamaki a Yuli: magariba sai wajen ƙarfe 9 na dare, isha'i can wajen goma da rabi, asuba kuma tun wajen ƙarfe uku. Wannan yana ba ku doguwar yamma ta yawo, amma yana cin barci, don haka ku ɗan kwanta da rana. Idan Juma'a ta faɗo cikin kwanakin, ku je Babban Masallacin Landan da ke gefen Regent's Park, mai kubbar ruwan zinariya, wanda aka gama a 1977. Ku tafi da wuri, yana cika. Daga nan Edgware Road ba nisa, abincin Larabawa ne titin gaba ɗaya. Ranar da kuma Hajiya ta ce ta gaji da burodi da shinkafar Larabawa, 'yarku ta san hanyar Peckham, a can za ku samu tsire da sakwara da miyar agushi.